Yadda ake dasa firet a wuyan jita, allo ya zauna a miƙe har bayan hunturu

Duk shekara idan hunturu ya kankama a Garwa, daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu, sai jitocin gari su fara sallama a shagona. 'Yan kwayar coci, makaɗan biki, ɗalibai, kowa da tasa a rataye, kuma ƙorafin ba ya wuce biyu: ko dai bakin ƙarafan wuya ya fito yana yankar yatsa, ko tsirkiya tana wani kuka irin na ƙudan zuma idan an danna ta. Yawancin jitocin nan daga Duwala suka taso, suka hau jirgin ƙasa a Yawunde suka sauka Ngaundare, mota ta ƙaraso da su. Masana'antun da ke ƙera su suna riƙe laimar iska a kashi 45 zuwa 50 cikin 100. Mu kuwa a nan, a watan Agusta laima takan kai 80, a tsakiyar hunturu da rana ta faɗi ƙasa da 20. Katako yana shan ruwa ya kumbura, yana bushewa ya tsuke. Ƙarfe ba ruwansa. Daga nan rigimar take farawa.

Ga wanda ya saba da garaya, molo ko gurmi, wuyansu sumul yake, yatsa ne ke nemo murya. Jita kuwa an gitta mata siraran ƙarafa a kan wuya, su ake kira firet, kuma katakon da aka dasa su a kai shi nake kira allon yatsu. Abin da nake so ya zauna wa mai karatu tun daga nan shi ne, miƙewar wuya a katako ake samunta, kafin a buga firet ko ɗaya. Wanda ya dasa ƙarfe a kan karkataccen allo da niyyar ya gyara da magagari daga baya, zai cinye ƙarfen ne kawai, allon yana nan yadda yake.

Katako

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To shi ya sa ɗanyen katako ba ya yin wuyan jita, domin tsirkiya shida na ƙarfe suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70, wato buhun siminti ɗaya da kusan rabi, dare da rana. Na roba suna jan kimanin kilo 40.

Don wuya, madaci ya isa, sapele na kudu ma yana da kyau. Don allo ana son katako mai tauri da nauyi, wanda zai riƙe haƙoran ƙarfe kuma farce ba zai raƙe shi ba. Sarkinsu shi ne baƙin iccen nan eben na dazuzzukan kudancin Kamaru. Tun 2011 kamfanin Taylor na Amurka tare da Madinter na Sifen suka sayi injin yankan katako na Crelicam a Yawunde saboda shi, ka ga allon da yawa daga cikin jitocin da ake ji da su a duniya daga ƙasarmu yake fita. Sai dai eben yana motsi da yanayi fiye da yadda mutane ke zato, kuma yana saurin ɓantarewa. Madobiya ta fi shi haƙuri da arewa. Tun 2017 tana cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe saboda yawan sara, don haka ni ba na neman sabuwa. Tsohon gado, tsohuwar ƙofa, ƙafar teburin da ya karye, a nan nake samun allona. Katakon da ya ga hunturu ashirin a cikin ɗaki ya riga ya bushe, ya kuma nuna halinsa.

Ka duba kan katakon, inda aka yanke shi. Layukan shekaru su tsaya tsaye kamar haƙoran mashaci, kada su kwanta ko su karkace. Idan ba ka samu irin wannan ba, tsaga katakon wuya gida biyu a tsawonsa, ka juya ɗaya, ka sa siririn katako mai tauri a tsakiya ka manne su. Duk inda ɗaya ya so tafiya, ɗan'uwansa zai ja shi baya. Ka fere wuyan sama-sama, ka bar shi da kauri fiye da yadda ake so, ka rataye shi a inuwa inda iska ke wucewa mako uku ko huɗu. Wanda zai murɗe, a nan zai nuna halinsa. Wanda ya murɗe kamar igiya, ka yi ƙafar kujera da shi. Lanƙwasa tana gyaruwa, murɗewa kuwa wahalarta ta fi ribarta.

Sandar ƙarfen da ke cikin wuya

Jitar tsirkiyar ƙarfe tana buƙatar sanda a cikin wuya, ƙarƙashin allo, wadda ake ɗaurewa ko sassautawa da alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kusurwa shida. Wani ma'aikacin kamfanin Gibson, Thaddeus McHugh, shi ya nemi rajistar wannan dabara a 1921. Kamfanin Martin ya daɗe yana sa ƙarfen da ba a juyawa, sai a 1985 ya koma mai juyawa. Idan za ka saya, nemi mai aiki ta fuska biyu, wadda ke iya tura wuya gaba ko baya. A ƙasar da yanayi ke juyawa irin tamu, ita ce ta dace. Ka haƙa mata kwari a tsakiyar wuya daidai jikinta, ba sako-sako ba, don idan ta samu wuri za ta riƙa kaɗawa a ciki tana ƙara. Bayanta ya zo daidai da fuskar katako. Ka gwada juya ta kafin ka rufe.

Jitar tsirkiyar roba yawanci ba ta da wannan sanda. Ina roƙon 'yan'uwa, a daina ɗaura mata tsirkiyar ƙarfe don a samu ƙara. Rabin wuyoyin da suka zama baka da ake kawo mini, wannan ne sanadinsu.

Lissafin gurbin firet

Da farko ka yanke shawarar tsawon tsirkiya daga matashin sama, wato ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa kusa da kunnuwan ɗaure su, zuwa ƙashin jaki, wanda suke hawa a kan fuskar ganga. Jitar tsirkiyar roba milimita 650 ce. Kamfanin Fender na amfani da 648, Gibson kimanin 628.

Lambar da za ka haddace ita ce 17.817. Raba tsawon da ita, abin da ya fito shi ne nisan firet na 1 daga matashi. Cire shi daga tsawon, ka sake raba ragowar da 17.817, ka samu tazarar na 1 zuwa na 2, haka har ƙarshe. A tsawon 650, firet na 1 yana kan 36.48, na 2 a 70.92, na 3 a 103.42, na 4 a 134.09, na 5 a 163.05, na 7 a 216.18, na 12 kuwa a 325 cif, rabin tsawo. Idan lissafinka bai sauke ka a kan rabi ba a na 12, akwai kuskure, koma baya.

Kowane gurbi daga matashi za ka auna shi, ba daga firet ɗin da ya gabace shi ba. Idan kana aunawa daga wannan zuwa wancan, ɗan kuskuren kowanne zai hau kan na baya, kafin ka kai na 15 ka ɓace. Ka manne rular ƙarfe a gefen allo da tef don kada ta motsa, ka yi alama da bakin wuƙa mai kaifi, domin layin fensir shi kansa ya kai rabin milimita. Ido ba ya ganin 0.48, ka kusanto iyakar iyawarka. Kuskuren da bai kai rubu'in milimita ba, kunne ba ya damuwa da shi.

Yanka tsaga

Ka yanka tsagogin tun allo yana da kusurwa huɗu daidai, kaurin milimita 6 ko ɗan fi, kafin ka tsuke shi ta sama. A lokacin sukwaya, ma'aunin kusurwa na kafinta, tana da gefen da za ta jingina. Idan ka riga ka fere gefuna, duk tsagar da ka yanka da sukwaya za ta karkace.

Ka ɗauki wayar firet ka dube ta ta baki. Tana da kai mai zagaye wanda tsirkiya ke taɓawa, da siririyar ƙafa da ke shiga katako, a jikin ƙafar kuma akwai 'yan haƙora. Ƙafar kusan rabin milimita ce, tsagar da aka saba yi mata kuwa 0.58. Wannan ɗan lissafi shi ne zuciyar aikin. Idan tsaga ta yi faɗi, haƙora ba su samu abin kamawa ba, firet zai tashi. Idan ta yi ƙunci, kowane firet ya zama weji mai buɗa katako, ka haɗa weji 20 a jere a fuska ɗaya ta katako, sai wuyan ya gantsare baya ya yi ƙusumbi a tsakiya.

Ni kaina ya taɓa faruwa da ni. Jitar wani malamin kwaya ce, allon eben, zartona ya yi siriri, ina ta bugu ina jin daɗin yadda ƙarfe ke kamawa gam. Da na ɗora rula sai ga ta tana lilo a tsakiya. Na sassauta sanda har ƙarshe, ƙusumbin bai kwanta ba. Da ya zo karɓa na ce masa, "Malam, ka yi haƙuri ka ƙara mini mako guda, aikin hannuna ne ya ɓaci, ba jitarka ba." Ya ce, "Ba komai maigida, Allah Ya ba da sa'a." Sai da na cire firet 20 na sake buɗe tsagogin. Tun daga ranar ba na taɓa allo sai na gwada a guntun katako irinsa.

Zarton yankan ƙarfe na kasuwa ya yi kauri. Nemi ƙaramin siririn zarto, ka yanka guntun katako, ka buga guntun firet. Idan tsagar ta yi faɗi, kwantar da zarton ka goga gefunan haƙoransa a kan dutsen wasa wuƙa, sau biyu kowane gefe, ka sake gwadawa. Daidai shi ne firet ya shiga da bugu matsakaici, kuma farce ya kasa ɗaga shi. Katako mai tsananin tauri kamar eben yana son tsaga ta ɗan fi ta madobiya sakewa.

Zurfi ya ɗan wuce tsawon ƙafar, kimanin milimita 2. Ka matse siririn katako a jikin zarton ya zama birki, don kada wata tsaga ta fi wata. Tsaga mai zurfi da yawa tana raunana wuya.

Manna allo

Fere gefunan allo zuwa faɗin da kake so. Ka huda 'yan ƙananan ramuka biyu a cikin tsaga ta 1 da biyu a ta 12 ko kusa, kauce wa tsakiya inda sanda take, ka soka siraran ƙusoshi su shiga wuya kaɗan. Su za su hana allo zamewa idan gam ya jiƙa shi, daga baya ka zare su firet ya rufe ramin. Rufe kwarin sanda da siririn tef don gam kada ya kama ta.

Farin gam na kafinta ruwa ne a cikinsa, kuma ruwan nan yana shiga katako ya lanƙwasa shi. Saboda haka ka ɗora miƙaƙƙen katako mai kauri ko ƙarfen alminiyam a kan allon, ka matse su tare daga sama har ƙasa, wuya ya bushe yana jingine da abu miƙaƙƙe. Kwana ɗaya a matse, sannan ka kwance ka bar shi kwana huɗu ko biyar ruwan ya fita. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40, gam yana yin fata kafin ka gama shafawa. Da sanyin asuba ake wannan aiki, kuma a jera kayan matsi a kusa tun kafin a buɗe gwangwani.

Daidaita allo, inda aikin yake

A nan nake ɓata rabin lokacina, kuma ba na nadama.

Farko ka tabbatar abin da kake aunawa da shi miƙaƙƙe ne. Ɗora rular a kan takarda ka ja layi, ka kifa ta ka sake ja a kan layin. Idan layukan biyu sun rabu a tsakiya, rular ce mai laifi. Don gugar allo, je wurin masu haɗa tagar alminiyam ka sayi guntun ƙarfe mai kusurwa huɗu tsawon santimita 45 zuwa 50, ko mai gilashi ya yanko maka tsiri mai kauri. Ka manna samfefa a jikinsa.

Sanda ta kasance a sake, ba ta ja ba ta turawa. Tallafi wuyan daga ƙasa a duk tsawonsa, don idan ya rataya a iska nauyin hannunka zai lotsa shi, ka goge shi a lotse, kana ɗagawa ya dawo da ƙusumbi. Ni jakar yashin Binuwai nake amfani da ita, ƙafar tsohon wando da aka ɗinke baki biyu.

Zazzana allon da fensir ko alli ko'ina. Goga a tsawonsa da samfefa mai lamba 80, dogon ja daga wannan kai zuwa wancan. Inda zane ya fara gogewa tudu ne, inda ya rage kwari ne. Kada ka bi kwari da guga, tudun za ka ci har ya sauko. Idan zane ya ɓace gaba ɗaya, ɗora rula, ka sa fitilar waya a bayanta. Haske ya ratso ta ƙasa, da saura. Ka auna a wuri uku: gefen tsirkiya mai kauri, tsakiya, da gefen siririya. Sannan ka ɗaga wuyan zuwa ido ka hango shi daga kai kamar mai saita bindiga, gefen dama da na hagu su kwanta a shimfiɗe ɗaya.

Allon jitar tsirkiyar roba shimfiɗaɗɗe ne. Na tsirkiyar ƙarfe yana da ɗan doro a faɗinsa, yanki ne na da'ira. Tsofaffin Fender da'irarsu milimita 184 ce daga tsakiya zuwa baki, na yanzu 241, Gibson 305, Martin 406. Ga mai farawa 305 ta fi sauƙi. Ɗaura fensir a zare mai wannan tsawo, ka zana baka a kwali mai tauri, ka yanke ya zama ma'auni. Ka rarake guntun katako ya dace da shi, ka manna samfefa a ciki, ka goga har layin fensir da ka ja a tsakiyar allo ya kusa ɓacewa. Bayan doro ya fito ka koma kan rula, domin gajeren katakon guga yakan ci bakin allo biyu fiye da tsakiya.

Daga firet na 14 zuwa ƙarshe ina ƙara 'yan ja kaɗan don wurin ya ɗan gangara, kaurin takarda biyu a ƙarshensa. Nan ne yakan tashi idan jita ta kwana biyu. Sai ka bi da samfefa mai lamba 120, 220, 320, har 400.

Yanzu tsagogin sun rage zurfi a gefuna saboda doro. Bi su ɗaya-ɗaya da zarto, ka share ƙura da busasshen gam da bakin reza. Ɗan ƙwallon gam guda ya isa ya hana firet zama. Ka ɗauki ƙaramin magagari mai kusurwa uku ka ja shi sau biyu a bakin kowace tsaga, don ƙarfe ya samu ƙofa, kuma ranar da wani zai cire shi katako kada ya ɓantare.

Bugawa

Wayar firet da aka fi sani farin ƙarfe ce, haɗin jan ƙarfe, nikel kashi 18, da zinki. Akwai ta baƙin ƙarfe mara tsatsa, ta fi daɗewa amma tana cin kayan aiki, mai koyo ya bar ta tukuna. Mita 2 za ta ishi jita ɗaya har da na gwaji. Na taɓa ganin jitar da aka manna wa wayar ƙafar keke, na yaba ƙoƙarin mai ita, amma abin da ba shi da ƙafa a cikin katako ba ya kai damina biyu.

Goge wayar da tsumma da ɗan fetur, mai na masana'anta ya fita. Lanƙwasa ta ta ɗan fi doron allo, yadda idan ka ɗora ta bakunan biyu za su taɓa katako, tsakiya ya ɗan tashi. Ko a shimfiɗaɗɗen allo a ba ta ɗan baka. Bakin firet shi ne ke fara tashi, wannan lanƙwasa ce ke danne shi. Yanka kowanne da rarar milimita 3 a kowane gefe, ka jera su a katako mai ramuka da lambobi.

Guduma ƙarama, mai bakin roba mai tauri ko tagulla. Idan ta ƙarfe kawai gare ka, goge fuskarta ta yi sumul, ka sassauta hannu. Jakar yashi ta zauna daidai ƙarƙashin tsagar da kake aiki a kai, in ba haka ba wuya zai yi tsalle bugun ya tafi a banza.

Tsayar da firet a miƙe a bakin tsaga. Buga wannan baki, buga wancan, su kama. Sannan ka bi daga gefe zuwa tsakiya da ƙananan bugu. Yayin da tsakiya ke sauka, haƙoran suna matsawa gefe a cikin katako, su shige ƙarƙashin naman da ba su yaga ba, shi ne riƙon. Da ya zauna ka tsaya. Bugun da ya wuce kima yana lotsa kai, kuma yana sa bakin ya sake ɗagowa.

Kunne yana taimako. Firet da ya zauna yana amsa guduma da murya cikakkiya, wanda bai zauna ba sai ka ji fanko. Ka kuma gwada tura bakin takarda ƙarƙashin kafaɗarsa, idan ta shiga bai kwanta ba. Wanda ya ƙi zama bayan bugu kaɗan, cire shi ka duba tsagar, kusan kullum ko datti ne ko rashin zurfi.

Kada ka bi su a jere. Buga na 1, na 5, na 9, na 13, ka ɗora rula. Idan wuya ya fara gantsarewa, tsagoginka sun yi ƙunci, ka ɗan buɗe sauran ko ka rage haƙoran wayar da magagari tun kafin abin ya yi nisa. Ɗan gantsarewa kaɗan ba laifi, jan tsirkiya zai mayar da shi. Irin wannan matsi ma dabara ce a hannun wanda ya sani: tsohuwar jitar da ba ta da sanda kuma wuyanta ya zama baka, ana sa mata firet mai ƙafa mai kauri a tsakiya don ya turo ta ta miƙe.

Firet ɗin da ke kan gangar jita, daga na 15 zuwa sama, ka sa yaronka ya zura hannu ta ramin ganga ya tokare ƙarƙashin da guntun ƙarfe mai nauyi, don fuskar jita siririya ce, tana iya tsagewa.

Saboda yanayinmu, ina ɗiga gam mai saurin kamawa, mai ruwa-ruwa, ɗigo guda a bakin kowace tsaga ta gefe, ya bi ƙafar ya shige. Ka shafa ɗan kakin kyandir a kan allo kusa da ƙarfe tukuna, don wanda ya malalo ya ɓamɓaru da reza.

Baki, kai, da sheƙi

Datse rarar da filaya mai yankan baki wadda ka wasa fuskarta ta zama shafe. Bi gefen wuya da shimfiɗaɗɗen magagari a tsawonsa har ƙarfe ya zo daidai da katako, sannan ka karkata shi kimanin digiri 30 zuwa 35 ka ba bakunan gangare. Kada ka zarce, in gangaren ya ci wuri tsirkiyar gefe za ta riƙa zamewa waje.

Juya sanda har rula ta nuna wuya a miƙe. Rufe katakon da ke tsakanin ƙarafa da tef na takarda, ka shafa baƙar tawadar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, a kan kowane firet. Ɗauko ƙarfen gugarka da samfefa 320, ka ja a tsawon wuya ba tare da dannawa ba, nauyinsa ya isa. Da zarar kowane kai ya nuna ɗan farin layi, ka dakata. Idan ka yi aikin allo da kyau, ja goma zuwa ashirin ne. Nemi ɗan guntun ƙarfe miƙaƙƙe da zai hau firet uku kawai, ka bi wuya da shi. Inda ya yi lilo yana ƙwas-ƙwas, na tsakiyar ya fi tsayi. Kafin ka goge shi, duba ko tashi ya yi.

Guga ta bar kawunan a shafe, kuma shafaffen kai yana ɓata murya. Sake shafa baƙar tawadar. Ɗauki magagari mai kusurwa uku wanda ka dakushe kaifin kusurwoyinsa a dutse don kada ya ci katako, ka fere kafaɗun kowane firet dama da hagu, kana mirgina hannu, har baƙin ya rage siririn layi kamar zare a tsakiya. Wannan layi kada ka taɓa shi, shi ne daidaiton da ka sha wahala a kai. Zagaye kusurwoyin baki ɗaya-ɗaya, ka shafa da bayan yatsa ka ji. Sai samfefa 400, 600, 1000, a bi tsawon ƙarfen har ya yi sheƙi. Cire tef, ka shafa wa allo ɗigo biyu na man keken ɗinki ka goge. Man gyaɗa yana yin ɗanko da wari, a bar shi a kicin.

Ɗaura tsirkiya

Ɗaura, ka kai su muryarsu, ka bar jita ta kwana. Wuya a ƙarƙashin tsirkiya ba a son ya miƙe sak, ana son 'yar lotsawa a tsakiya, domin tsirkiya tana kaɗawa da faɗi a nan. Yaronka ya danne tsirkiya mai kauri a firet na 1, kai ka danne a na 14, ku dubi tazarar da ke tsakaninta da kan na 7. Ana son 0.2 zuwa 0.3 na milimita. Siraran ƙarafan da bakanike ke auna bakin filogi da su sun fi, in babu, takardar firinta biyu zuwa uku a haɗe.

Tazara ta yi yawa, ɗaure sanda, alanki ya bi hannun agogo. Babu tazara sam, sassauta. Yawancin jitocin da ke kasuwarmu alanki mai milimita 4 ko 5 suke ci. Rubu'in juyi kawai, ka jira, ka sake aunawa. Idan ta yi tauri ta ƙi, kada ka matsa mata, sandar da ta karye sai an ɓamɓare allo.

Bayan nan ne ake duba tsayin tsirkiya a firet na 12: a jitar ganga mai tsirkiyar ƙarfe kimanin milimita 2.5 a mai kauri, 2 a siririya, a ta roba 4 da 3. Da ƙashin jaki ake gyara wannan, ba da sanda ba. Mutane da yawa suna murɗa sanda don su sauke tsirkiya, su ɓata wuyan da lafiyarsa ƙalau. Ƙashin jaki kuma yana zama bayan ainihin tsawon da ka lissafa da kamar milimita 2 a gefen siririya, ya ɗan fi haka a gefen mai kauri, saboda dannawa tana ƙara jan tsirkiya. Muryar firet na 12 ta zama ita ce ta sakakkiyar tsirkiya a sama. In ta haura, matsar da ƙashin baya.

Idan tsohuwar jita ce kake sake wa firet, ɗora ƙarfen narka dalma na masu gyaran rediyo a kan kowanne ya ɗumama, ka cusa bakin filaya a ƙarƙashin gefe ɗaya, ka bi a hankali kana matsawa ba tare da fizga ba. Ɓantaren da ya tashi ka mayar da shi nan take da ɗigon gam. Daga nan aikin ɗaya ne, daga daidaita allo zuwa ƙasa.

Jitar da na yi wa firet da damina, nakan ce wa mai ita ya dawo da ita a Janairu. A lokacin allo ya tsuke iyakar tsukewarsa, bakunan sun fito, in na goge su sau ɗaya a wannan bushewa ba sa sake damunsa. A Agusta kuma ya zo mu duba lotsawa, sau da yawa rubu'in juyi ne. Tsakanin nan, jita ta kwana a cikin jakarta, nesa da bangon da rana ke duka da kuma but ɗin mota. Daga Disamba zuwa Maris a sa jiƙaƙƙen soso da aka matse a cikin robar sabulu mai huji, a ajiye kusa da kan jita a cikin jaka, a sake jiƙa shi duk kwana biyu. Wanda ba shi da jaka ya rataye ta a ɗakin da randa take.